Wa ya dace ya saka rigar Kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗan wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ne a Argungu. Muna son dawo da wani wasa da yayyenmu suka yi sama da shekara ashirin da suka wuce kan tarihin Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, wasan da kusan rabinsa waƙa ce da kiɗan kotso. Rigima ta tashi kan wanda zai fito a Kanta. Wasu sun ce dattijon da ya yi shi tun farko, wanda yanzu ya haura sittin. Wasu sun ce wani matashi da ya yi suna a TikTok da finafinai, dogo ne mai kwarjini, amma ba ya waƙa, kuma Hausar Kano ce a bakinsa. Sun ce a naɗi waƙoƙin a situdiyo ya riƙa yin mamin, wato motsa baki kawai. Wasu 'yan kaɗan suna son wani yaro daga cikin 'yan amshi, murya gare shi, sai dai gajere ne kuma ba wanda ya san shi. Abin ya kai wasu sun daina gaisawa. Kwana uku za mu yi a jere. Mece ce shawara?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka da kuka tuna da aikin magabatanku. Na yi shekaru masu yawa ina shirya wa ɗalibai da ƙungiyoyi wasa tsakanin Birnin Kebbi da Gusau, kuma wannan rigimar taku na ga irinta ba sau ɗaya ba. Ba zan yi maka noƙe-noƙe ba. In ni ne mai ba da umarni, yaron nan ɗan amshi zan ba Kanta. Amma ba yau ba, kuma ba don ni na faɗa ba. Akwai gwajin da zai ci tukuna a gaban kowa, zan zo kansa. Sauran biyun kuma duk suna da wuri a cikin wasan, wuri na mutunci.

Bari in fara da maganar mamin, domin ita ta fi tayar mini da hankali.

Na san inda kuka samo ta. Mun tashi muna kallon finafinan Indiya, inda jarumi ke buɗe baki muryar Mohammed Rafi ko Kishore Kumar na fita, jaruma na juyi Lata Mangeshkar na rerawa. Finafinan Hausa suka ɗauki wannan tsari, mawaƙi daban a situdiyo, mai fitowa daban a gaban kyamara. A fim wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Har Turawa sun yi. Wasan My Fair Lady da aka fara a Niyok a 1956, Julie Andrews ce ta riƙe shi da muryarta a kan dandamali. Da aka zo mayar da shi fim a 1964 sai aka ajiye ta, aka ɗauko Audrey Hepburn saboda ta fi ta suna a lokacin, wata mawaƙiya Marni Nixon ta rera mata akasarin waƙoƙin. Fim ɗin ya yi kasuwa. To amma ka lura, dabarar ta yiwu ne saboda akwai kyamara da almakashin mai tacewa. In baki ya saɓa da sauti, a yanke a sake. Dandamali ba shi da almakashi.

Na taɓa gwada ta, shi ya sa nake magana da ƙarfi. A shekarun 1990 na kai ɗalibaina wata gasa. Ina da yaro mai tsayi da kyan sura, ya iya magana, amma in ya ɗauki waƙa sai ya sauka daga kan kiɗa. Na sa wani ya rera, muka naɗa a kaset, muka ɓoye rikoda a bayan labule kusa da lasifika. Waƙar farko ta wuce lafiya. Ana tsakiyar ta biyu, ya ɗaga hannu sama yana kirari, rikodar ta cinye zaren kaset. Sautin ya ja, ya lanƙwashe, ya mutu. Yaron nan ya tsaya hannunsa a sama, bakinsa a buɗe, ba abin da ke fita. Na ga idonsa yana nemana a gefen labule. Ɗakin ya ɗauki ihu da dariya. Ya ƙarasa wasan, don yana da zuciya, amma bai sake hawa dandamali ba har ya gama makaranta. Ni na jefa shi cikin wannan hali, ba shi ya jefa kansa ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyinsa. Yanzu ba kaset, na sani. Akwai waya da kwamfuta. Amma janareta na mutuwa, waya na tsinkewa, mai kula da sauti na danna abin da ba shi ba.

Ko da komai ya tafi daidai, akwai asarar da ta fi wannan. Kiɗan kotso ba abu ne da ake zubawa a kwalba a rufe ba. Makaɗin yana kallon bakin jagora ne. In jagora ya ja saɗara, ya ja masa. In ya ga 'yan kallo sun motsa ya maimaita gindin waƙa, 'yan amshi su karɓe. Wani dare ɗan waƙa ɗaya zai ɗauki minti biyu, wani dare ya ɗauki biyar saboda wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, dole a dakata mata. Sautin da aka naɗa bai san da guɗa ba, wucewa zai yi. Kuma a ƙasar Kabi kuke. Kunnen da ya tashi da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo ba za ka yaudare shi da motsin leɓe ba. Tun a saɗarar farko za su gane, kuma daga nan ba Kanta suke kallo ba, wani yaro suke kallo yana wasa da baki.

Sai maganar harshe, wadda na ga ka ambata a taƙaice, alhali ita ce ƙashin bayan al'amarin. Kada wani ya ɗauka ƙyamar Kananci ce. Lissafi ne kawai. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, akwai gaɓa mai nauyi, akwai marar nauyi, kuma kiɗa a kansu yake sauka. Wanda ya tsara waƙoƙin wasanku da bakin Kabawa ya tsara su. Inda ya ce "munka", gaɓar farko mai nauyi ce. In bakin da ya saba da "muka" ya zo, ya sauƙaƙa ta, bugun kotso ya sauka a kan iska. Haka "yat tahi" da "ya tafi", haka "sunka" da "suka". Saɗara ɗaya ba za a ji ba. Amma waƙa guda tana da irin waɗannan wurare da yawa, sai ka ji tana ɗingishi ba ka san daga ina ba. Ana iya koya wa mutum, na koya wa wasu. Sai dai wata uku ba su isa ba, kuma da zarar ya ga taro gabansa ya faɗi, harshen gidansu ne zai dawo masa. Yaron da ya tashi yana cewa "wanga" da "shi ka zuwa" ba sai ya yi tunani ba. Wannan kaɗai ya ba ɗan amshinku ratar da ba a cike ta da tsayi.

To tsayin fa? Wa ya taɓa ganin Kanta? Mutumin da ya rayu a farkon ƙarni na 16, ya raba gari da Askiya Muhammadu na Songhai bayan yaƙin Agadas, ya kafa daularsa, ya gina Surame wadda kufanta ke nan har yau. Ba hotonsa, ba wanda ya auna shi. Abin da kuke kira kamannin Kanta, kamannin dattijonku ne sa'ad da yake ɗan shekara talatin da wani abu. Shi ya zauna muku a ido, shi kuke nema a jikin dogon matashin nan.

Al'adarmu ta wasa ba ta taɓa neman kamanni ba. A wasan gauta, matan gidan sarauta ne ke naɗa rawani, wata ta fito a sarki, wata waziri, wata alƙali, kuma kowa ya gane wanda ake kwaikwayo daga tafiya da yadda ake gyara murya. A tashe, yaro ɗan shekara goma zai manna audugar gemu ya ranƙwafa da sanda, a karɓe shi a tsoho. 'Yan mata na saka babbar riga da hula su fito a miji. Ba wanda ya taɓa cewa bai yarda ba don ba su kai tsayi ba. Fim ne ya zo ya koya mana cewa jarumi sai dogo fari.

Kuma ga wani sirri na sana'ar nan: ba wanda ya fito a sarki ke yin sarautar ba, mutanen da ke kewaye da shi ke yi masa ita. Ka sa fadawa su zube tun kafin ya shigo. Ka sa sanƙira ya yi ta kirari yana nuna ƙofar da zai ɓullo, kiɗa ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya fito a hankali. Ka hana kowa tsayawa dab da shi a miƙe, ka yi masa ɗan tudu a bayan dandamali, ka koya masa kada ya riƙa waige-waige, in zai juya ya juya da ƙirjinsa gaba ɗaya. Na rantse maka, 'yan kallo za su fita suna cewa ƙato ne. Kwarjini ana gina shi a cikin mako shida. Murya kuwa ba a gina ta a shekara shida in babu ita.

Yanzu dattijon. A nan nake so ka rage sauri, ka karanta a natse, domin a nan ƙungiyoyi ke rushewa.

Masu goyon bayansa ba wauta suke yi ba. Suna jin cewa wasan nasa ne, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Shi ya san inda ake numfasawa a kowace saɗara, shi ya san abin da marubucin ya nufa da wata kalma da ku ba ku ma san ma'anarta ba. Akwai wasannin da suka manne da mutum ɗaya haka. Duro Ladipo, ɗan wasan Yarbawa, da kansa yake fitowa a Sango, tsohon sarkin Oyo, a wasansa na Oba Koso, har mutane suka daina raba shi da Sango, kuma bayan rasuwarsa a 1978 duk wanda ya saka wannan riga da shi ake auna shi. Irin wannan nauyin ne ke kan wasanku.

Amma maƙogwaro nama ne, yana tsufa tare da mai shi. Saman murya shi ke fara tafiya, sai tsawon numfashi ya biyo baya. Saɗarar da yake kaiwa ƙarshe da numfashi ɗaya a da, yanzu sai ya yanka ta biyu. Zai iya yin daren farko da ƙarfin hali, mai yiwuwa ma ya sa mutane kuka. Dare na biyu muryar ta dushe. Na uku kuma fa? Kwana uku a jere, wasan da rabinsa waƙa ne, ga yaƙi, ga zirga-zirga cikin manyan kaya. In lokacin hunturu ne, ga ƙura da bushewar iska. Wanda ke ƙaunar dattijon nan da gaske ba zai so a ga gazawarsa a gaban jikokinsa ba. Mutanen gari suna riƙe da hotonsa na da a zuciya. Kada ku zama sanadin goge shi.

Abin da zan yi shi ne in raba rigar biyu. Labarin Kanta da kansa ya ba ku wannan dama. Ruwayar baka ta ce ya tashi cikin makiyaya, ƙaƙƙarfan saurayi da ba a kayar da shi a fagen dambe da kokawa, kafin ya zama mayaƙi, kafin ya zama sarki. Yaron ya ɗauki ƙuruciyar da yaƙe-yaƙen, inda ake bukatar huhu. Dattijon ya buɗe wasan a matsayin mai ba da labari, yana zaune, ya riƙa shigowa tsakanin fitowa da fitowa, sannan a ƙarshe ya karɓi rawanin ya fito a Kanta na ƙarshen rayuwa, ya rera waƙa ɗaya tak, a ƙasa-ƙasa, daidai inda muryarsa take a yau. Dushewar da za ta zama aibi a waƙar yaƙi, a nan ado ce. Ka yi tunanin lokacin da yaron zai cire rawani ya miƙa masa a gaban jama'ar da suka san shi ya fara saka shi. Ba sai kun rubuta wata magana a wurin ba.

Kuma ku ba shi aikin koyar da yaron, a faɗa a fili cewa shi ne malaminsa. Da sharaɗi guda, wanda dole mai ba da umarni ya tsare shi: ya koya masa waƙar, kada ya koya masa kansa. Babbar cutar wasan da aka farfaɗo da shi ita ce kwafi. Sabon ɗan wasa ya riƙa ɗaga gira inda tsohon ke ɗagawa, ya yi tari inda yake yi. Mai kwafi kullum a baya yake, domin 'yan kallo suna da na asali a kai, kuma na asalin da ke cikin tunani ya fi na gaskiyar ma kyau. Dubi Musa Ɗanƙwairo. A cikin 'yan amshi ya tashi, a gidan mahaifinsa, sannan a ƙarƙashin yayansa Kurna, ya daɗe yana karɓi kafin ya ja ragama. Da ya ja ta, bai zama Kurna na biyu ba, ya zama Ɗanƙwairo, har ya rasu a 1991 ba a samu mai kama da shi ba. Wannan ita ce hanyar da makaɗanmu ke haifar da jagora tun fil azal, daga layin amshi. Masu cewa yaronku ba kowa ba ne, ɗan amshi ne kawai, su tuna da wannan. Ɗan amshi ya ji waƙar sau ɗari daga ciki, ya san inda take numfashi.

Saura tauraron. Kada ku raina hujjar masu sonsa, domin hujjar kuɗi ce, kuma kuɗin haya da na ɗinki da na man janareta ba da kirari ake biyan su ba. Suna yana cika ɗaki. Ko a Amurka haka abin yake. Wasan Funny Girl, wanda Barbra Streisand ta yi suna da shi a 1964, an dawo da shi Niyok a watan Afrilun 2022 da Beanie Feldstein, 'yar fim mai farin jini. Masu sharhi suka yaba wasanta amma suka ce muryarta ba ta kai nauyin waƙoƙin ba, ciniki ya yi ƙasa, ta bar wasan a ƙarshen Yuli. A Satumba aka kawo Lea Michele, wadda ke da suna kuma take da murya, ɗaki ya koma cika, aka yi ta yi har Satumbar 2023. Abin da nake so ka gani a nan shi ne, su biyun duk sanannu ne. Suna bai ceci ta farkon ba. Suna yana kawo mutane daren farko, amma abin da suka faɗa a majalisa da kasuwa washegari shi ke kawo na dare na biyu. A gari kamar Argungu kuwa, kafin azahar labari ya gama zagayawa.

Saboda haka ku riƙe shi, amma ku ba shi abin da zai iya. Ku ba shi Askiya, ko jakadan Askiya da ya zo wurin Kanta. Matsayi ne na magana da isa da kaya masu kyau, tsayinsa zai yi aiki, kuma baƙon harshensa ya zama riba, tunda baƙo yake wakilta. In kuna so ya taɓa waƙa, akwai hanya. Rex Harrison, wanda ya yi wasan My Fair Lady tare da Julie Andrews, ba mawaƙi ba ne. Magana yake yi a kan kiɗa, yana bin bugun, yana taɓa karin nan da can, kuma ya karɓu ƙwarai. Mu ma muna da irin wannan tun da daɗewa, shi ne kirari. Ku rubuta masa kirari mai zafi a kan kotso, ya yi da bakinsa. Hotonsa ya hau takardar talla, ya yi ta sanarwa a shafinsa. In ya ce shi Kanta ko ba komai, to kun san ba wasan ya zo yi ba, ku rabu lafiya.

Ga gwajin da na ce. Kada ku yi shi a ɗaki, kada ku yi shi da makirufo, kada ku yi shi rana ɗaya. Ku fita filin da za ku yi wasan ko mai girmansa, da makaɗanku na gaskiya da 'yan amshi. Duk mai son Kanta ya zo, har da dattijon in ya ga dama, har da tauraron. Kowa ya rera waƙa mafi wuya a wasan, ba wadda ya fi so ba. Sannan ya zagaya filin da gudu sau biyu, ya dawo ya faɗi doguwar magana, ya sake ɗaukar waƙar nan take, domin haka zai same ta a ranar wasa, bayan fitowar yaƙi, yana haki. Ku sa mutum uku a can ƙarshen fili, waɗanda ba su san waƙar ba, ciki har da tsohuwa ɗaya in da hali. In an gama ku tambaye su abin da aka ce. Ba "ya yi daɗi?" za ku tambaya ba; ku ce su maimaita kalmomin. A cikin gwajin, mai kotso ya sauya gudu ba tare da sanarwa ba, a ga wa zai bi shi. Ku maimaita haka kwana uku a jere, a lokacin da za ku yi wasan. Muryar rana ta uku ita za ku zaɓa, ba ta farko ba.

Amfanin wannan ya wuce zaɓe. Waɗanda suka daina gaisawa za su tsaya a fili ɗaya su ji da kunnensu, gani ya kori ji. Kuma in yaron ya faɗi, ya faɗi. Ku janye maganata, ku nemi wani cikin 'yan amshin. Akwai masu zaƙin murya da ba su da ƙarfinta, akwai kuma waɗanda in an fito da su gaba su kaɗai sai gwiwa ta yi sanyi. Ban ji yaron ba, ku kuka ji shi.

Duk wanda ya ci, a naɗa masa na ko-ta-kwana tun ranar, wanda zai haddace komai ya yi gwaji daidai da shi. Mu nan muna ɗaukar wannan kamar fatan tsiya ne ga jarumi, alhali ko'ina a duniya haka ake yi. A wancan wasa na Funny Girl, Julie Benko da ke zaman ko-ta-kwana ita ta riƙe shi a watan Agusta, kuma bayan zuwan Lea Michele aka ware mata rana guda kowane mako. Wasan Fela! da aka yi kan rayuwar Fela Kuti a Niyok a 2009, aka kawo shi Legas a 2011, mutum biyu ne ke karɓa-karɓar fitowa a Fela a can Niyok, Sahr Ngaujah da Kevin Mambo, saboda nauyin ya fi ƙarfin maƙogwaro ɗaya. Zazzaɓi ba ya duba takardar talla.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: in kun cire yaron nan daga amshi, kun buɗe rami a can. Duk hankalinku ya tafi kan mutum ɗaya, alhali waƙar kotso 'yan amshi ke ɗauke da ita. Su ke riƙe gindin waƙa, su ke ba jagora damar numfashi, su ke rufa masa asiri in ya yi tuntuɓe. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi dogon nazari kan wannan tsari na jagora da amshi a waƙar baka, ya kamata wani cikinku ya nemi rubuce-rubucensa ya karanta. Ku tantance 'yan amshi da tsananin da kuka tantance Kanta. Mutum biyar da bakinsu ya zo ɗaya sun fi goma sha biyar da aka tara don kada wani ya yi fushi.

Matan da za su fito kuwa, ku nemi yardar iyaye ko mazaje tun kafin a ambaci sunan kowa, manya su je ba samari ba, kuma ku tsayar da lokacin gwaji da zai sa kowa ta koma gida kafin magariba. Na ga wasan da ya tsaya saura mako ɗaya saboda an tsallake wannan.

Yaron kuma, in shi ne, ku tsare masa muryarsa. Ruwa da yawa, barci isasshe, ban da ihu a gidan kallon ƙwallo, ban da doguwar hira a waya a makon wasa. Kada ya fara da waƙa mai tsayi da sanyin safiya, ya fara da gunguni a ƙasa har maƙogwaro ya ɗumama. In waƙar ta yi masa sama ko ƙasa, a sauko da ita ko a ɗaga ta zuwa inda muryarsa ke zaune. Ba dole ba ne sai a inda dattijon ya rera ta. In ya ji zafi yana rerawa, ya tsaya. Zafi ba alamar ƙoƙari ba ne, alamar rauni ne.

Kafin duk wannan, kafin gwaji, kafin kowa ya ji shawarar nan, ku je gidan dattijon. Kada ya ji a bakin 'yan gari, kada a tura masa saƙo a waya. Shugabanku ya je da wani sa'ansa da yake jin nauyinsa, da goro a hannu, bayan la'asar. Kada ku fara da maganar wanda zai fito a Kanta. Ku ce masa kuna son dawo da wasan kuma ba za ku iya ba sai da shi, domin gaskiya ce. Ku roƙe shi ya rera muku waƙoƙin duka, ku naɗa, har da ɗiyan da aka manta. Ku tambaye shi wace waƙa ce ta fi ba shi wuya a wancan lokaci, a ina yake satar numfashi. Ku bar shi ya yi magana son ransa. Sau da yawa, in aka yi haka, dattijo da bakinsa yake cewa, "Wannan ta yaƙin ba ni iya ta yanzu, ku kawo mini yaron in ji shi." In ya faɗa, ku kai masa shi washegari da safe.